A Samar da Tsarin Shayar da Jariran da Suka Rasa Nonon Uwa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili in yi magana a kan jariran da ke rasa nonon uwa, musamman bakwaini da waɗanda iyayensu mata suka rasu wajen haihuwa.

Bara matar ƙanena ta rasu kwana biyu bayan ta haifi bakwaini. Na wuni a bakin ɗakin jarirai ina kallon yarinyar cikin kwalba, damtsenta bai wuce kaurin babban yatsana ba, ga siririn bututu a hancinta. Madarar gwangwani ta ƙi zama a cikinta, sai kumburi da amai. A ɗakin masu jego kuwa akwai wata baiwar Allah da nono ke zubo mata har yana jiƙa mata zane, ta ce a shirye take ta tatsa ta ba mu, amma ma'aikatan suka ce ba su da tsarin karɓa. Ban ga laifinsu ba, domin cutar ƙanjamau tana bin nono, kuma babu mai son ya ɗauki alhakin ran jariri. Da kanmu muka yi faɗi-tashin gwajin matar, kuma cikin ikon Allah yarinyar tana raye.

Wannan taimako ba baƙo ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun saba miƙa maraya ga kishiya ko maƙwabciya ta haɗa shi da nata ɗan, kuma kowa ya san Halimatus Sa'adiyya ce ta shayar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ba da shawarar cewa jaririn da aka haifa da ƙarancin nauyi, idan bai sami nonon mahaifiyarsa ba, a ba shi na wata mace, domin yana rage masa haɗarin ciwon nan mai lalata hanjin bakwaini. A Nairobi, asibitin haihuwa na Pumwani ya buɗe ma'ajiyar nono a 2019, kuma a irin waɗannan wurare akan gwada jinin mai bayarwa, a ɗumama nonon zuwa digiri 62.5 na tsawon minti 30 don kashe ƙwayoyin cuta.

Sai dai ba na goyon bayan a kwaso tsarin yadda yake, inda ake gauraya nonon mata da yawa ba tare da an san na wace ce ba. Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta haramta auren uwar shayarwa da 'yar'uwar shayarwa, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri a shekarun shayarwa, haramcin ya tabbata, ko da cokali aka ba shi. Gudun cakuɗewar nasaba ne ya sa majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta hana irin waɗannan ma'ajiyoyi a zamanta na Jidda a 1985.

Abin da nake nema ga ma'aikatun lafiya na jihohinmu da malamanmu shi ne su zauna tare su fitar da hanya: mace ɗaya ga jariri ɗaya, da yardar mijinta, a gwada ta kyauta, a haɗa dangin biyu su san juna, a kuma rubuta sunayen a kundin asibiti, kowane gida ya riƙe takardarsa. Mu dai mun rubuta tamu a gaban limamin unguwa, mun adana ta tare da takardar haihuwar yarinyar, kuma ranar Sallah mun kai ta gidan uwar da ta shayar da ita ta ga yayyenta.

Wassalam,
Wata mai karatu daga Zariya