Yaya, a dakata da yi mana murnar gida tukuna

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya. Ya jikin Hajiya, ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan Lids lafiya lau, sai sanyi. Na ga gara in zauna in rubuto maka, don akwai takardun da nake nema a wurinka, a waya kuma kullum layi kan yanke kafin in kai gaɓa.

Ka ce tun ranar da na gaya maka mai gidan ya sallama a kan fam 190,000 Hajiya ta fara sanar da maƙwabta. Don Allah ka lallashe ta ta ɗan jira. A Ingila "na sallama" ba ta ɗaure kowa. Ciniki ba ya faɗawa sai ranar da lauyana da lauyan mai gida suka yi musayar yarjejeniyar da muka sa wa hannu. Kafin wannan rana, ko gobe wani ya zo ya ɗora fam dubu biyar, mai gida yana iya juya mana baya, abin da muka kashe kuma ya bi ruwa. Ranar musayar ake ba da kafin alƙalami, yawanci kashi 10 cikin ɗari, makulli kuwa sai an biya cikon. Wata uku zuwa huɗu ba a ɗauke shi jinkiri ba a nan.

Samun lauya ma sai da na sha wuya. Dillalin gidan ya matsa mini in ɗauki nasu, da na tambaya ya amsa cewa ana ba su la'ada a kan duk wanda suka tura. Na bar shi na bi wani mai araha a intanet, ashe farashin da ya rubuta na gaban shago ne. Kuɗin tura kuɗi daban, na duba shaidata daban, na hulɗa da banki daban. Daga ƙarshe ma ba ya cikin jerin lauyoyin da bankinmu ya amince da su. Ka san ta bankin Musulunci muka bi don guje wa kuɗin ruwa: mu da banki mu sayi gidan tare, muna biyan haya a kan kasonsa muna kuma sayensa kaɗan-kaɗan. Ba kowane lauya ne ya saba da irin wannan takarda ba.

Wadda muka samu yanzu wata dattijuwa ce, ofishinta a saman wani kemis. Kafin in taka ƙofarta sai da na nemo sunanta a rajistar SRA, hukumar da ke sa ido kan lauyoyi. Na ce ta rubuto mini jimillar kuɗinta kaf, ta faɗa mini wanda zai riƙe fayil ɗina, da abin da zan biya idan cinikin ya rushe. Duk ta amsa ba tare da ɓata rai ba, shi ya sa na zauna.

Ita ta nuna mini takardar gidan daga ofishin rajistar filaye. Fam 7 kacal kowa zai biya ya ga sunan mai gida da bankin da ke binsa bashi. Na tuna yadda muka yi ta sintiri tsakanin mai unguwa da ma'aikatar ƙasa a kan filin nan nawa. Ta bi jan layin taswirar da biro ta ce, "Wannan lungun na baya ba naka ba ne, izinin wucewa kawai gare ka." Gidan dai mallaka ce ta har abada. Da fulat ne, da shekaru ƙidayayyu za mu saya, kamar 99 ɗin da ke kan shaidar mallakar gwamna a gida, ga kuɗin kula da gini duk shekara, bankuna kuma kan ja baya idan shekarun sun ragu da yawa. Yanzu tana jiran amsar binciken ƙaramar hukuma da na ruwa, har da na kwal, don kudancin Lids an daɗe ana haƙar kwal a ƙarƙashinsa.

To ga inda ka shigo. Doka ta tilasta mata sanin asalin kowane fam da zai shiga cinikin. Kuɗin filina da ka sayar, tana son takardar cinikin da bayanan bankinka da ke nuna shigarsu da fitarsu. Gudunmawar da ka ƙara mini kuma, sai ka sa hannu a wasiƙa cewa kyauta ce, ba rance ba, kuma ba ka da kaso a gidan, ka haɗa da hoton fasfo ɗinka. Na san za ka ji wani iri, a ce wa zai rubuta wa ƙaninsa takarda a kan kyauta. Ni ma kunya ta kama ni. Amma haka suke yi wa ɗan ƙasa ma idan mahaifinsa ya taimaka masa. Ko adashin da Maman yara ta kwasa sai da muka bi shi zubi bayan zubi. Da na fara yi mata bayanin adashi sai ta yi dariya, ta ce 'yan Pakistan sun riga sun koya mata, su kameti suke ce masa.

Magana ta biyu ta fi nauyi: gidan Baba, Allah ya jiƙansa. Mai sayen gidan fari ba ya biyan harajin sayen gida har zuwa fam 300,000. Amma sharaɗin shi ne bai taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya ba, ko da ta gado. Fili kawai ba ya cikin lissafi, gida yana ciki. Idan kasona na gidan Baba ya shiga lissafi, za mu biya fam 1,300. Wani abokin aiki ya ce in yi shiru, wa zai je Kano ya duba? Ban yarda ba, ni zan sa hannu a takardar. Don haka ka gaya mini a rubuce: an raba gadon a kotu ko har yanzu yana haɗe, yaushe, kuma kasona zai kai nawa a kasuwa. Lauyar tana tambayar ƙimar ne don akwai ƙarin kashi 5 a kan mai gida na biyu idan abin da ya mallaka ya kai fam 40,000, ko da yake na san nawa bai kama ƙafar haka ba.

Ta kuma tambaye mu yadda za a rubuta sunayenmu ni da Maman yara. Tsari biyu ne. A na farko, duk wanda ya riga rasuwa ɗayan ya ɗauke gidan dungurungum, ko wasiyya ba ta canza shi. Kenan Hajiya ba ta da sudusinta. Mun zaɓi na biyu, inda kowa ke da kasonsa sananne, sannan mu rubuta wasiyya a raba yadda addini ya ce. Ka ɗan taɓa wa Malam maganar, in ji ko akwai abin da zai ƙara.

Abu ɗaya kuma, idan ka ga saƙo da sunana ko na lauya ana ba ka sabuwar lambar asusu, kada ka tura ko sisi sai ka ji muryata. 'Yan damfarar nan masu sayen gida suke dako. Takardun ka ɗauke su a haske, duk kusurwa huɗu su fito, ka turo kafin Juma'a in da hali.

Ka gaishe da Hajiya da Anti da yara. Ka ce wa Hajiya ɗakin ƙasa nata ne in Allah ya tabbatar, ba hawan bene.

Ƙaninka,
daga Lids