Madara Ba Ta Rage Ƙarfin Gahawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku domin in yi tsokaci kan wata magana da nake yawan ji daga bakin masu shan gahawa, wai idan an zuba mata madara an kashe mata ƙarfi, don haka ba za ta hana barci ba. Ni kaina na daɗe da wannan fahimta, ina shan gahawa da madara da daddare, sannan in kwana ina juyi a kan gado ban san dalili ba.

Abin da ke wartsakar da mutum a cikin gahawa shi ne sinadarin kafeyin, kuma kofi ɗaya na wadda aka tace yakan ƙunshi kimanin miligiram 80 zuwa 100. Madara ba ta rage komai daga wannan adadi. Aikinta kawai shi ne furotin da maiƙon da ke cikinta su lulluɓe ɗaci da baurin gahawar, har harshe ya ɗauka abin ya yi laushi, alhali kuwa jiki ya karɓi daidai abin da mai shan baƙa ya karɓa. Kafeyin yakan ɗauki kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka wanda ya sha da ƙarfe tara na dare yana tare da rabinsa har ƙarfe biyu. A shekarar 2015, hukumar Tarayyar Turai mai kula da ingancin abinci ta bayyana cewa miligiram 400 a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, amma mace mai juna biyu kada ta wuce 200. Abin da ya fi damuna shi ne daɗin madara kan sa mutum ya ƙara kofi na biyu da na uku bai lissafa ba, alhali da baƙa ce, da ɗacinta ya tsayar da shi tun a na farko.

Ba zan ɓoye ba, yanzu na fi son ta baƙa. Sufayen Yaman sun riƙa shan gahawa tun ƙarni na 15 domin su raya dare da ibada, kuma zuba mata madara ya yaɗu ne bayan ta shiga Turai a ƙarni na 17. Yawancin masu cewa baƙar gahawa ba ta shawuwa, a ganina, ba su dace da mai kyau ba ne. Irin da ake kira robusta ya fi arabika ɗaci, kafeyin ɗinsa ma ya kusa ninka nata, kuma idan aka gasa ƙwayar har ta ƙone, ko aka bar garin ya daɗe a tafasasshen ruwa, ɗacin sai ya yi yawa. Madara tana rufe duk waɗannan kurakurai, shi ya sa mai shan ta kullum da madara ba ya gane lokacin da aka ba shi marar kyau.

Akwai kuma batun sukari. Baƙar gahawa kusan ba ta ƙara wa jiki komai na ƙiba, amma madarar gwangwani mai kauri da zaƙi kusan rabinta sukari ne. Haka nan kimanin kashi biyu cikin uku na manyan mutane a duniya cikinsu ba ya narkar da sukarin da madara ke da shi tun asali yadda ya kamata, kuma sau da yawa kumburin ciki da ake ɗora wa gahawa daga madarar yake.

Ban ga laifin wanda ransa ya fi kwanciya da madara ba. Mutanen Italiya suna shan kafucino, wato gahawa mai kumfar madara, amma bisa al'ada da safe suke sha. Roƙona ga mai son madara shi ne ya riƙa ƙirga kofinsa kamar yadda mai shan baƙa ke ƙirgawa, ya kuma duba agogo kafin ya ɗora ruwa. Ni dai tun da na daina shan ta bayan ƙarfe uku na rana, da madara ko babu, barcina ya dawo.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku