Gyara kan tarihin waƙar "Kung Fu Fighting"

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai sauraron shirinku ne na tsofaffin waƙoƙi, ba ya wuce ni. A makon jiya mai gabatarwa ya sanya "Kung Fu Fighting", na ji daɗi har cikin raina. Amma da ta ƙare sai ya ce wani Ba'amurke ne ya rera ta, kuma wai shirme ne da sa'a kawai ta ɗaga. Wannan magana ce ta sa na ɗauki biro.

Carl Douglas, wanda ya rera ta, haifaffen Kingston ne a Jamaika, a Ingila yake waƙa. Wanda ya tsara kiɗan kuwa Biddu ne, ɗan Indiya daga Bangalore, da ya je Landan neman na kansa. A Landan ɗin suka naɗe ta a 1974.

Yadda aka yi ta ma ya isa a ba masu sauraro labari. A lokacin ƙaramin faifai fuska biyu gare shi: ta gaba ita ake tallatawa, ta baya kuma a cike ta da abin da ya samu. Waƙar da suka shiga situdiyo domin ta ita ce "I Want to Give You My Everything", kuma ita ta cinye kusan duk lokacin da suka biya. Saura minti goma a tashe su, babu abin da za a sa a baya. Douglas ya fito da baitocin da ya rubuta kan kung fu, Biddu ya ɗora musu kiɗa da waɗancan ihu na 'yan dambe, aka ɗauka sau biyu, aka tashi. Da faifan ya isa kamfanin Pye, su ne suka dage a juya shi, ta baya ta dawo gaba.

Ko a nan ba ta tashi nan take ba. Makonnin farko gidajen rediyo ba su kula ta ba, gidajen rawa ne suka riƙe ta har jama'a suka fara nema a shaguna. A watan Agusta ta shiga jadawalin waƙoƙin Birtaniya, a Satumba ta hau matsayi na ɗaya ta yi mako uku. A Disamba ta zama ta ɗaya a jadawalin Billboard na Amurka, mako biyu. Wataƙila nan ne mai gabatarwarku ya ɗauka ta can ce.

Batun sa'a kuma ban yarda ba. Bruce Lee ya rasu a watan Yulin 1973, "Enter the Dragon" ya fito jim kaɗan bayan rasuwarsa, duniya duk ta kamu da finafinan faɗa. Mu nan Kano mun ga wannan da idonmu. Idan aka tashi daga fim ɗin Chanis a Plaza ko Orion, har mu kai gida muna kai wa iska naushi, kowa yana kwaikwayon ihun jarumi. Abin da Douglas ya hango ke nan a kan yaran Landan ya mayar da shi waƙa. Wanda bai ƙware ba, ko an ba shi wuni guda ba zai fitar da abin da suka fitar a minti goma ba.

Akwai kuma abin da zai burge masu son finafinan Indiya, mu kuwa muna da yawa. Wannan Biddu ɗin shi ne ya yi kiɗan "Aap Jaisa Koi" da Nazia Hassan ta rera a fim ɗin "Qurbani" na 1980. Da yawanmu mun san waƙoƙin biyu ba tare da sanin hannu ɗaya suka fito ba.

Ina roƙo a gyara wannan a shiri na gaba, a ambaci sunayen mutanen biyu da ƙasashensu. In da hali a sanya mana waƙoƙin a jere, ta Douglas sannan ta Nazia.

Na gode. Allah Ya ƙara basira.

Mai sauraronku,
daga Fagge, Kano.