Godiya ga wani shagon nama a unguwar Guillotière

Assalamu alaikum. Wannan takarda zuwa ga mai shagon naman halal da na shiga ranar wata Asabar a unguwar Guillotière ta birnin Liyon, shi da yaransa, musamman dattijon da ke tsaye wajen injin yanka. Na san Baba ba ya jin Hausa, Larabcin Aljeriya ne da Faransanci a bakinsa, amma ɗana ya yi alkawarin fassara masa. Na rubuta da harshenmu ne saboda 'yan'uwa mata da ke zaune a nan, don wata rana za a ɗora wa wata irin kayan da aka ɗora mini.

Duk shekara wajen ƙarshen watan Mayu Faransawa na yin bikin maƙwabta, al'adar da aka faro a Paris a 1999. A fito da tebura tsakar gida, kowa ya sauko da abin da ya sawwaƙa. Shekara huɗu ina kai dambun shinkafa da zogale, ana cinyewa tas. Bana sai matar da ke tsara abin a benenmu ta ce ni zan kawo katakon nan da suke jera wa busasshen nama yankakke siriri da cuku iri-iri, ana tsinta ana hira. Kunya ta sa na ce to. Sai da na hau sama na zauna sannan na tuna garin da nake. Liyon garin alade ne, da shi suke tinƙaho. Rosette ɗinsu da jésus ɗinsu, busasshen naman da suke ji da shi, duk alade ne, ita kanta kalmar charcuterie da suke kiran irin wannan nama da ita sunan sana'ar masu sarrafa naman alade ce tun asali. Ni kuwa 'yar Damagaram ce. Ba zan sa kuɗina in sayi abin nan ba, kuma ba na so a ce Musulmar hawa na uku ta kawo abin dariya. Kowa ya ci ladan kuturu dai, dole ya yi masa aski.

Da a gida ne ai kilishi ya raba gardama. To dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigowa da nama ko kayan madara daga waje, 'yan kwastan na ƙwacewa a filin jirgi, don haka ban ma yi wannan mafarkin ba.

Kwana uku na yi ina yawo. Shagon farko na manyan mutane ne, ko'ina madubi. Suna da bresaola, busasshen naman sa na Italiya, ja wur, abin sha'awa. Na tambayi yarinyar wa ya yanka san, kuma ko da injin da ta yanka alade yanzun nan za ta yanka mini. Ta dube ni daga ɗankwali har takalmi, ta ce, "Madam, akwai mutane a bayanki." Na biyu ya fi ƙona mini rai, domin na Musulmi ne, an rubuta halal da manyan haruffa a jikin gilashi. Na nemi ganin shaida, mai shagon ya ɗaure fuska wai ban yarda da shi ba ne. Abin da yake sayarwa ma wani curin nama ne ruwan hoda mai kama da sabulu. A babban kanti kuwa na tsaya ina karanta ƙananan rubutu har idona ya yi ruwa. A nan na gane ana iya cusa naman sa cikin hanjin alade, wani kuma an zuba masa giya don ƙamshi.

Da wannan gajiyar na shiga wajenku, shago cike maƙil. Da layi ya zo kaina na yi tambayata murya ƙasa-ƙasa, na riga na shirya shan harara. Baba bai ko ja tsaki ba. Ya juyo mini da naman, ya sa yatsa a kan hatimin hukumar tantance halal da ke ƙarƙashin Babban Masallacin Liyon, ya dafa injinsa ya ce tun da aka sayo shi bai taɓa ganin alade ba. Sannan shi ya shiga tambayata: mutum nawa, akwai wani abincin ko wannan ne kawai? Na ce mutum 14, a ba ni kilo biyu. Ya yi dariya. "'Yata, walimar aure za ki yi? Tun da kowa zai kawo nasa, giram 60 ya ishi mutum ɗaya. Ko kilo guda ba ki bukata."

Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa ganin mai shago ya rage wa kansa ciniki da bakinsa ba.

Kala uku ya zaɓa mini: busasshen naman sa, kyafaffen naman talo-talo, da basturma, wadda ake shafe ta da hulba da tafarnuwa da jan barkono kafin ta bushe. Ya miƙo mini yanka ɗaya a bakin wuƙa. Wallahi ƙamshinta ya kai ni wajen masu kilishi a gida, sai da na kau da kai. Ya yanka su siriri har ana ganin haske ta ciki, ya nuna mini yadda ake naɗe kowane yanka a tsayar da shi, kada a shimfiɗa kamar shanya.

Cuku kuwa ya ce nasa ba na fita kunya ba ne, in tsallaka titi wajen wata mata. A bayan takardar naɗe nama ya rubuta mini uku: Comté mai tauri na tsaunukan Jura, Saint-Marcellin ɗan ƙarami mai laushi da mutanen Liyon ke ji da shi, da ɗaya na nonon akuya. Mai shuɗi-shuɗin nan, Roquefort, ya ce in bari sai na saba. Bai kuma ɓoye mini ba cewa yawancin cukun Faransa da wani abu daga cikin ɗan maraƙi ake daskarar da madararsa, malamai sun saɓa a kai, shi mahauci ne ba mufti ba, in tambayi malamina. Na buga waya, na samu amsa, sannan na saya. Ya ce in fitar da cukun daga firji awa ɗaya kafin a ci, kowanne da wuƙarsa, in cike gurbi da zaitun da inabi da burodi. Dabino da soyayyar gyaɗa ni na ƙara da kaina.

Lissafi daidai, naɗi tsaf, ba ni da ƙorafi. A wajen biki ko yanka ɗaya bai rage ba, wani tsohon maƙwabci har ya nemi kwatancen shagon.

Abin da ke damuna shi ne me ya sa irin wannan ya zama abin mamaki. Tambayar abin da za ka sa a cikinka ta zama laifi, a shagon Bature ana yi maka kallon baƙauye, a na ɗan'uwa Musulmi ana cewa ka zarge shi. A gida ma ba mu tsira ba. Je ki kasuwa ki ce a sake auna miki nama a gabanki, ki ga yadda fuskar wani mahaucin za ta koma, kamar kin zagi iyayensa. Wasu gani suke rubutun halal a ƙofa ya ɗauke musu nauyin sakin fuska da na gaskiya a sikeli.

Baba, katakon da ka ara mini na wanke shi, na shafa masa mai kamar yadda ka ce. Ranar Asabar zan dawo da shi, tare da dambun nama da na yi da cinyar da na saya a wajenka. Da yaji, ka tanadi ruwa.