Rufe iyakar Nijar: A kasuwannin Legas aka biya kuɗin

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku mai farin jini mu tsoma baki a kan dangantakar Najeriya da Jamhuriyar Nijar. Ana ɗaukar ta maganar manya ce a Abuja da Yamai, alhali a Mile 12 da Alaba Rago da mayankar Oko-Oba ta Agege ake biyan kuɗinta.

Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Bayan kwana huɗu shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka rufe iyakoki, suka tsayar da ciniki da hada-hadar kuɗi, Najeriya kuma ta yanke wutar lantarki, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha. An janye takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Shugaba Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyaka a watan Maris. Wata bakwai ke nan. Bazoum bai koma kujerarsa ba, Janar Tchiani da ya karɓe mulkin bai gusa ba, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Abin takaici, a nan Legas aka sa hannu a yarjejeniyar kafa ta a 1975.

Wanda bai san sana'ar gwari ba zai ɗauka rufe iyaka jinkiri ne kawai. Albasa ba ta jira. Wadda aka ɗauko daga yankin Galmi takan bi ta Birnin Ƙonni ta shigo Illela, daga nan tana da tafiyar fiye da kilomita 1,000 kafin ta sauka Legas. Muddin mota na tafiya, iska na ratsa buhunan. Da zarar ta tsaya a rana a ƙarƙashin tamfol, buhunan tsakiya sukan ɗau zafi su fara gumi, ruɓa ta kama daga wuyan albasar, ɗaya ta shafa wa goma. Idan kayan suka iso sai an zazzage an tsince, kuma kuɗin wadda aka zubar a kan wadda ta tsira ake ɗora shi. Dabbobi sun fi ban tausayi. Rago ko sa da ya yi kwanaki a tsaye cikin tirela ba ruwa ba harawa zai rame, mai rauni ya faɗi a tattake shi, sai a yanka a hanya a sayar da asara. Mai saye a Legas da ido yake taya dabba, ba ruwansa da nawa aka sayo ta.

Kuma ai kayan ba su daina shigowa ba. Iyakar da ta taɓa jihohi bakwai, daga Kebbi har Borno, ba a kulle ta da kwaɗo. Abin da ya faru shi ne a sauke tirela nesa da shinge, a raba kayan a kan babura da amalanke su bi ɓarauniyar hanya, a sake lodi a ɗaya gefen. Kowane buhu ya hau kuɗin sauke, kuɗin fito, kuɗin lodi, da na goro a kowane shinge. Gwamnati ta rasa harajinta, mai babban jari ya jure, ƙaramin ɗan kasuwa ya karye. Duk wannan ya faɗo ne a shekarar da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki naira, ga shi a hayin can da sefa ake ciniki. An ga irin haka a rufewar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sai dai kamar ba a koyi komai ba.

A can Nijar abin ya fi muni, domin ƙasa ce da ba ta da teku. Kafin takunkumin, yawancin kayanta ta tashar Kwatano ta ƙasar Benin suke sauka su bi gadar Malanville zuwa Gaya. Motocin abinci da magunguna na hukumomin agaji sun yi cirko-cirko a wannan gada, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta riƙa roƙon a keɓe kayan jinƙai. Allurar rigakafi da insulin sai da firji, firji kuwa sai da wuta. Babu janar ɗin da ya kwana cikin duhu.

Ba muna wanke juyin mulki ba ne, kuma tsare Bazoum da aka yi ba tare da shari'a ba zalunci ne. Su ma mahukuntan Yamai sun rama a kan talaka, da suka hana fitar da gero da dawa da masara da wake a Oktoban 2024 in ba zuwa Mali da Burkina Faso ba. Manomin Maraɗi ya rasa kasuwarsa mafi kusa, mai sayen wake a Legas ya ji a aljihunsa.

Akwai misalin da za a ɗauka. A Disambar 2022 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2664, wanda ya keɓe ayyukan agaji daga takunkuman riƙe kadarori da Majalisar ke sanyawa. Muna so Najeriya ta gabatar da irin wannan a ECOWAS, a rubuce tun kafin wani rikicin ya taso: abinci da magani da dabbobi da wutar lantarki ba sa shiga takunkumi. Wanda ya yi laifin a hana shi tafiya, a rufe asusunsa.

Abin da ya fi gaggawa shi ne takardun mutane. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ce ta bai wa ɗan yankin damar shiga wata ƙasa ya yi kwana 90 ba biza. Bayan ficewar, ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku har sai ta sanar da wani abu daban. Wannan alfarma ce, ana iya janye ta gobe. 'Yan Nijar masu gadi da masu ga-ruwa da masu shayi da suka cika Agege da Idi-Araba da Obalende a kan wannan alfarmar suke zaune, haka ma 'yan Najeriya da ke kasuwanci a Maraɗi da Damagaram. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971 mai hedikwata a Yamai, kuma ministan harkokin wajen Najeriya na lokacin, Yusuf Tuggar, ya je can a Afrilun 2025. Muna kira ga 'yan majalisarmu na jihohin iyaka su matsa a yi amfani da wannan hukumar a sa hannu a yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu kaɗai, wadda za ta faɗi takardar da matafiyi zai nuna, da kuɗin da za a biya kan kowace mota, a liƙa shi a fili a Illela da Jibiya da Kongolam da Maigatari da Kamba.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wasu 'yan kasuwar gwari da dabbobi,
Mile 12, Legas