A sa ido kan 'yan acaɓa baƙi a Kaduna

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan gudun ganganci da masu babura ke yi a cikin garin Kaduna, ina so in ƙara da abu ɗaya.

Tun da Kano ta hana acaɓa a 2013, Legas kuma ta tsaurara tata dokar a 2022, matasa ke kwararowa nan neman abinci. Ba laifi ba ne, ƙasarsu ce. Amma duk wanda ya tsaya a bakin titin Nnamdi Azikiwe da yamma zai ga babur ɗauke da mutum uku, ba hular kwano, lambar wata jiha ce ko babu ma gaba ɗaya, yana kutsawa tsakanin tireloli. In ya buge yaro ya arce, ina iyaye za su same shi?

Kame da tara kaɗai ba su isa ba, domin gobe ya koma wata unguwa. Ya kamata hukumar KASTLEA, mai kula da bin dokokin hanya a jihar Kaduna, ta haɗa kai da ƙungiyoyin masu babura, a yi wa kowane baƙo rajista da hotonsa da mai tsaya masa, a ba shi riga mai lamba kafin ya fara ɗaukar fasinja.

Naku,
Wani mazaunin Rigasa, Kaduna