Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗalibar Da Ta Yi Tambaya Kan Maƙwabtan Lamba Shida

Assalamu alaikum, ɗalibarmu.

Bayan gaisuwa. A ƙarshen laccar da aka yi kan cutar sikila kin miƙe gaban jama'a kin yi tambaya, lokaci kuwa ya ƙure, ba ki sami amsar kirki ba. Cewa kika yi: sarƙar beta ta himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin a jan ƙwayar jini, amino asid 146 ce a jere (amino asid su ne tubalan da ake jerawa su zama furotin), a sikila kuma guda ɗaya tak ya canja, na shida. To me ya sa ba a maganar na biyar da na bakwai da ke gefensa, sai a tsallake can a kama zancen na 85 da na 88? Ga amsarmu a rubuce.

Ki ɗauki carbi ki miƙar da shi. Kowane ɗan carbi maƙwabtansa biyu ne, na gaba da na baya. Yanzu ki dunƙule shi a tafin hannu, za ki ga na biyar ya kwanta a jikin na talatin. Haka furotin yake idan ya naɗe. Akwai maƙwabcin jeri, akwai maƙwabcin zama, kuma yawancin abin da ke riƙe siffar furotin tsakanin maƙwabtan zama yake faruwa. Bambancinsa da carbi, shi naɗinsa iri ɗaya ne kullum, jerin ne ke yanke yadda zai kasance. Christian Anfinsen ya nuna haka da wani furotin, ribonukiliyas, mai amino asid 124: ya warware shi da yuriya da wani sinadari mai tsinka ƙullin salfa, da aka janye sinadaran sai ya koma siffarsa, ya ci gaba da aiki. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1972.

Maƙwabcin jeri ma yana da aikinsa, sai dai aikin takura ne. Haɗin da ke tsakanin amino asid da mai bi masa, mai tsawon kusan angistirom 1.33 (angistirom 10 ne nanomita ɗaya), ba ya juyawa, a miƙe yake kamar allo. A gadon sarƙa, wato kashin bayan da ya haɗe jerin, gaɓoɓi biyu kawai ke juyawa a kowane amino asid, waɗanda ake kira fai da sai (phi da psi), su ma ba kowace kusurwa suke iya ɗauka ba, don atom zai yi karo da atom. G. N. Ramachandran da abokan aikinsa a Madras ta Indiya suka zana taswirar kusurwoyin da ke yiwuwa a 1963. Kowane amino asid yana da reshen da ya bambanta shi da sauran. Gilaisin, da yake reshensa haidirojin ɗaya ne, yana lanƙwasuwa inda sauran ba sa iyawa. Firolin kuwa reshensa ya zagayo ya kama naitirojin ɗin gadon sarƙar, saboda haka ya sandare, kuma ba shi da haidirojin da zai miƙa wa kowa. A tsakiyar murɗi, wato inda sarƙa ta murɗe kamar sifirin, yana karya shi, amma a farkon murɗi yana zama daram. Na biyar ɗin da kika tambaya firolin ne, a bakin murɗin farko na sarƙar beta.

Na shida da na bakwai duk gulutamet ne, kuma a nan ne abin yake da daɗin kallo. Suna cikin murɗin alfa, wanda Linus Pauling da Robert Corey da Herman Branson suka bayyana a 1951. A wannan murɗi amino asid 3.6 ke cika zagaye ɗaya, tsayin zagayen angistirom 5.4, wato kowane ɗaya yana juyawa da digiri 100 daga na bayansa. Ga su kafaɗa da kafaɗa a jeri, amma kowa da inda ya dosa. Reshen na bakwai ya karkata ya riƙe laisin na 132, cajin negetif da na fozitif suka kama juna. Reshen na shida ya leƙa waje cikin ruwa, ba ya riƙe da kowa. A murɗi, masu fuskantar gefe ɗaya su ne waɗanda ke da tazarar uku ko huɗu ko bakwai a tsakaninsu, haɗin haidirojin na gadon sarƙa ma tsakanin amino asid da na huɗu a gabansa yake. A shimfiɗar beta, wadda himogulobin ba shi da ita, reshe ɗaya sama yake kallo, mai bi masa ƙasa, sai a tsallake ɗaya kafin a sami abokin gefe.

Abin da ke haɗa maƙwabtan zama, mafi ƙarfinsa gudun ruwa ne. Balin da lusin da aisolusin da fenilalanin rassansu kamar man gyaɗa suke a cikin ruwa, sai su tattaru a cikin cikin furotin, su matsu har babu inda ɗigon ruwa zai raɓa, tazarar atom da atom ba ta wuce angistirom 4 ba. Haɗin haidirojin, mai tazarar kusan angistirom 2.8 zuwa 3.0, shi ke zaɓar wa zai kama wa, amma ribarsa kaɗan ce, domin kafin naɗi ma waɗannan atom ɗin suna riƙe da ruwa, musaya kawai aka yi. Haɗin caji yakan kasance ƙasa da angistirom 4, kuma a saman furotin ruwa da gishiri suna rage masa ƙarfi ƙwarai. Ƙullin salfa tsakanin sistayin biyu, mai tsawon kusan 2.05, shi ne haɗi na dindindin, irin guda ukun da ke cikin insulin. In an tara duka aka cire abin da naɗewar ta ci, ratar da ke tsakanin naɗaɗɗen furotin da warwararre ba ta cika wuce kilokalori 5 zuwa 15 a kowane mol ba. Shi ya sa ɗan zafi ko ɗan tsami ke rushe shi, kamar yadda ruwan tsami ke tsinka madarar waken suya a yi awara.

Sai mu dawo kan sikila. A ƙwayar gado, haruffa ukun da ke tsara amino asid na shida, GAG, sun koma GTG, sai balin ya zauna a gurbin gulutamet na shida. Vernon Ingram ya gano wannan canji a Kambirij a 1956 zuwa 1957. Naɗin furotin ɗin bai lalace ba, yana kama iskar oksijin yadda ya kamata. Abin da ya faru, an bar ɗan ɗigon mai a waje, a wurin da ya kamata mai son ruwa ya tsaya, shi kuma yana neman mafaka. A gefe guda na sarƙar beta, tsakanin murɗin E da na F (da haruffa ake sa wa murɗe-murɗen sarƙar suna), akwai ɗan rami mai maiƙo wanda fenilalanin na 85 da lusin na 88 suka yi. Kowa yana da wannan rami, mai sikila da wanda ba shi da ita. Amma gulutamet mai caji ba ya shiga cikinsa, balin kuwa ya yi masa daidai. Wani abin da ɗalibai ke yawan kuskurewa: balin ba ramin jikinsa yake shiga ba, na wani himogulobin ne da ke kusa. Wannan ya kama wancan, wancan ya kama na gaba, har su zama zare, zare 14 su murɗe su zama sanda mai tauri da ke tanƙwara jan ƙwayar jini kamar lauje.

Wannan kamu yana yiwuwa ne idan himogulobin ya saki oksijin ya koma ɗaya siffar tasa. A siffar nan histidin na 146 yana riƙe da asfatet na 94, tsami kuma yana ƙarfafa riƙon, don haka jini mai tsami ya fi saurin sikila. Kauri ma haka. A cikin jan ƙwaya himogulobin ya kai giram 33 zuwa 34 a desilita, alhali na sikila da ya saki oksijin abin da ke narkewa kusan rabin haka ne kawai. Ƙwaya ta ɗan rasa ruwa, sandunan su fito tun ba ta fita daga ƙananan jijiyoyi ba. Dalilin da likitoci ke nanata shan ruwa ke nan.

Ki kwatanta da wasu canje-canje a wannan gurbi na shida. In laisin ya zauna, shi ne himogulobin C, wanda ya yawaita a Burkina Faso da arewacin Ghana: ba ya yin sanda, amma yana daskarewa kamar ƙanƙara, yana kuma busar da ƙwaya. In alanin ne, wato nau'in Makassar, reshen ya yi gajarta, babu sikila. Himogulobin jarirai kuwa yana da gulutamin a gurbi na 87 inda na manya ke da tiriyonin, wannan yana hana shi shiga sandar, shi ya sa jariri mai sikila ba ya nuna alama a watannin farko, kuma wannan himogulobin na jarirai ne maganin haidiroksiyuriya ke ƙarawa.

Za ki iya gani da idonki. Ki sauko da fayil mai lamba 2HBS daga PDB, rumbun siffofin furotin na intanet, ki buɗe shi a manhajar PyMOL ko ChimeraX, ki zaɓi Val6, wato balin na shida, na sarƙar beta, ki sa manhajar ta nuna duk atom da ke cikin angistirom 4 ko 5 daga gare shi. Ki tabbata himogulobin na kusa yana bayyane, har da waɗanda sai an sa manhajar ta maimaita tsarin kiristal suke fitowa, in ba haka ba za ki ga balin tsaye shi kaɗai ki ce mun yi ƙarya. Kowane himogulobin sarƙar beta biyu gare shi, don haka balin na shida biyu ne. Cikinsu, ɗaya ne ke shiga rami, kada ki ruɗe in kin tarar da ɗayan a fili. Kusanci kawai kuma bai isa ki kira abu haɗin haidirojin ba, sai kin duba kusurwa, ga shi galibin hotunan ekisre ba sa nuna haidirojin, manhaja ce ke ɗora shi da hasashe. Akwai kuma rikicin lamba: wasu rumbunan ƙwayoyin gado suna ƙirga metiyonin na farko, wanda ake yankewa daga baya, sai ki ga an rubuta Glu7Val. Canjin ɗaya ne da na shida, ramin ma a can 86 da 89 zai koma.

Wassalam.
Malamanki na darasin sinadaran jiki.